Gaskiya ko Jita-jita: Shin Gaggawa Ce Ke Kayar da Ingila a Wasan Kurket?

A watan Nuwamba na 2025 dubban magoya bayan Ingila suka niƙi gari zuwa birnin Perth na Ostireliya domin kallon wasan kurket da aka tsara zai ci kwana biyar. Rana ta biyu ba ta ƙare ba aka tashi, Ingila ta sha kashi. Aka wuce Brisbane, aka sake kayar da ita. Aka je Adelaide, bai canza zani ba. Kwana goma sha ɗaya na wasa ya ishi Ostireliya ta riƙe kofin Ashes, wanda ƙasashen biyu ke ja-in-ja a kansa tun ƙarni na 19. A makonnin nan duk inda magoya bayan Ingila suka haɗu zance ɗaya ne: salon nan na farmaki ba ji ba gani shi ya kai mu ya baro, sauri ya haifi nawa.

Salon da suke kuka da shi shi ne wanda 'yan jarida suka raɗa wa suna Bazball, daga laƙabin kocin ƙungiyar, Brendon McCullum, mutumin New Zealand da ake kira Baz. Shi da kyaftin Ben Stokes suka karɓi ragamar ƙungiyar a 2022, kuma tun daga lokacin ba a daina gardama a kansu ba. Wasu zarge-zargen gaskiya ne tsagwaronta. Wasu kuwa ɓacin rai ne ya haife su, idan aka auna su da abin da ya faru a fili sai a ga ba su da tushe.

Ga wanda ƙwallon ƙafa ya fi sani, wasan haka yake. Ƙungiya biyu ce, kowace mutum goma sha ɗaya. Ɗaya tana jifa da ƙwallo mai tauri, tana neman ta kaɗe turaku uku da ke kafe a bayan mai bugu, ko ta cafe ƙwallon a sama bayan ya buga. Ɗayar tana bugu da katako tana tara maki. In an fitar da masu bugu goma zagaye ya ƙare, sai a yi musanya, kuma kowace ƙungiya zagaye biyu gare ta. Jifa shida shi ne oba ɗaya, ana kuma son a yi oba 90 a yini. In kwana biyar suka cika ba a gama ba, an yi canjaras ke nan, komai yawan makin da wani ya tara. Wannan shi ne wasan Tes, wanda aka fara a Melbourne a 1877. Ƙasashe goma sha biyu kaɗai ke da izinin buga shi. Najeriya ba ta cikinsu, ko da yake 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gajeren wasa a Malesiya a Janairun 2025.

Tarbiyyar da aka gada a wasan Tes ita ce haƙuri. Mai bugu ya kare turakunsa, ya ƙyale ƙwallon da ba ta nufo shi ba, ya gajiyar da masu jifa, maki su zo a hankali, kamar uku a kowace oba. Ingilar Stokes ta zo tana cin sama da huɗu, wata rana biyar, wata rana har shida da ɗoriya. To a nan ake yin ta.

Zargin da ya fi yawo shi ne cewa da can Ingila ta san haƙuri, wannan salon ne ya koya mata zubewa lokaci guda. Wannan jita-jita ce, kuma mantuwa ce ta haife ta. A 2018 a Auckland, New Zealand ta fitar da Ingila kakaf a kan maki 58. A farkon 2019 a Barbados 77 ta iya haɗawa. A bazarar shekarar, Ireland, wadda ba ta daɗe da samun izinin buga Tes ba, ta kwashe ta a kan 85 a filin Lord's na Landan, wata guda bayan haka kuma Ostireliya ta tattara ta a kan 67 a Headingley. A 2021 a Ahmedabad wasa ya ƙare cikin kwana biyu, Ingila ta ci 112 da 81. A ƙarshen shekarar a Melbourne, Scott Boland, a wasansa na farko, ya fitar da mutum shida ya ba da maki bakwai kacal, Ingila ta ƙare a 68. A Hobart kuwa, a Janairun 2022, tana da maki 68 ba wanda ya fita, sai ga ta duka ta zube a 124. Duk wannan kafin McCullum ya taka ƙafa a wurin aka yi shi, kuma masu bugun suna tsaye ne suna kare kai, kamar yadda littafi ya ce. Lokacin da Joe Root ya ajiye kyaftin a Afrilun 2022, wasa ɗaya tak Ingila ta ci cikin goma sha bakwai na baya.

Haka ma zancen Ostireliya. Masu cewa salon ne ya sa aka ji kunya a can sun manta abin da ya gabata: 5-0 a 2013-14, 4-0 a 2017-18, 4-0 a 2021-22. Wasa goma sha biyar, an faɗi goma sha uku, canjaras biyu, nasara babu ko ɗaya. Masu horarwa daban-daban ne, kyaftin ma ba ɗaya ba ne, kuma ba a tuhumi ko ɗaya daga cikin tawagogin nan uku da gaggawa ba. Wasan da Ingila ta ci a Melbourne a Disamban 2025 shi ne na farko da ta ci a ƙasar tun Janairun 2011.

Sai a dubi abin da ya biyo bayan canjin. A bazarar 2022 New Zealand, wadda ke riƙe da kambun duniya na Tes a lokacin, ta zo Ingila. Sau uku aka ɗora wa Ingila maki mai nauyi a zagayen ƙarshe, lokacin da fili ya riga ya tsufa kuma bugu ya yi wuya: 277 a Lord's, 299 a Trent Bridge, 296 a Headingley. Duka ta cim musu. A Trent Bridge oba 50 kacal ta ɗauka, Jonny Bairstow ya ci 136 daga jifa 92. Bayan nan Indiya ta ɗora mata 378 a Edgbaston, adadin da Ingila ba ta taɓa cim masa ba a tarihinta, Root da Bairstow suka kai ta gaci mutum uku kawai suka fita. Akasarin 'yan wasan nan su ne dai waɗanda watanni kaɗan da suka wuce ke rawar jiki a Hobart. Kafin Ashes na 2023 Ingila ta buga wasa goma sha uku a sabon zamanin, ta ci goma sha ɗaya.

Akwai masu cewa ai duk sa'a ce da kuma fili mai laushi, salon ba ya aiki sai a gida, a inda ƙwallo ke tahowa a miƙe. A nan akwai gaskiya, akwai ƙari. Rawalpindi ta Pakistan ta isa shaida ta ɓangaren salon. A watan Maris na 2022 Pakistan da Ostireliya sun yi kwana biyar a filin, mutum goma sha huɗu kawai aka fitar, aka tashi canjaras, 'yan kallo suka gaji. A Disamba Ingila ta zo filin nan dai, ta ci 506 a ranar farko cikin oba 75, abin da ba a taɓa yi ba a ranar farkon wani wasan Tes. Mutum huɗu suka ci ɗari-ɗari a yinin: Zak Crawley, Ben Duckett, Ollie Pope da Harry Brook. Amfanin saurin ba burgewa ba ne, lokaci ya saya musu. A filin da fitar da mutum ɗaya ke cin awanni, sai da wannan lokacin suka iya fitar da 'yan Pakistan ashirin. Stokes ya rufe zagaye na biyu da wuri tun ba a fitar da mutanensa duka ba, ya bar wa Pakistan 343, adadin da za ta ga kamar za ta iya, domin ta saki jiki ta yi bugu. Jack Leach ya fitar da na ƙarshe haske na gab da ɗaukewa a rana ta biyar, da ratar maki 74. Da Ingila ta bi tsohuwar hanya, canjaras za a yi, ba tantama. Ta ci gaba ta cinye jerin 3-0, karon farko da wata ƙasa ta yi wa Pakistan haka a gidanta.

Sai dai Pakistan ɗin ce kuma ta nuna iyakar abin. A Oktoban 2024 a Multan, Ingila ta tara 823, Brook ya ci 317, Root 262, ta yi nasara duk da Pakistan ta fara da 556. Da masu masaukin suka ga haka sai suka sake dabara. Suka maimaita wasa na biyu a kan filin da aka riga aka tattake, na uku kuma a Rawalpindi suka busar da shi da manyan fankoki da na'urorin ɗumama wuri, suka kira masu murza ƙwallo biyu, Sajid Khan da Noman Ali. A wasanni biyun an fitar da 'yan Ingila sau 40, su biyun nan suka fitar da 39. Pakistan ta ci jerin 2-1. Idan ƙwallo tana juyawa daga ƙasa, Ingila ba ta da amsa. Amma wannan ciwo ne tsoho, Ahmedabad ta 2021 ta riga ta nuna shi. Kuma a fili mai ciyawa labarin daban ne. A Melbourne a 2025 an fitar da mutum ashirin a ranar farko kaɗai, filin bai bar kowa ya zauna ba. A irin wannan wuri wanda ya tsaya kare kai jiran ƙwallon da za ta fitar da shi kawai yake yi. Ingila ta bi 175 da gudu ta cim masa a rana ta biyu.

Abin da ya fi tsaya wa magoya baya a rai shi ne ranar farko ta Ashes na 2023 a Edgbaston. Ingila na da 393, mutum takwas sun fita, Root na tsaye da 118 yana bugu yadda ya ga dama, sai Stokes ya ɗaga hannu ya ce sun ƙoshi, domin ya samu ya jefi masu buɗe wa Ostireliya wasa kafin a tashi. Ba a fitar da kowa a yammacin ba. Kwana huɗu bayan haka Ostireliya ta yi nasara da sauran mutum biyu a hannu. Jerin ya ƙare 2-2, kofi ya zauna a hannun Ostireliya, shi ya sa har gobe ake cewa wannan shawarar ce ta zubar da Ashes.

A ganina shawarar ba ta yi daidai ba. Mutum kamar Root, in ya kama wuta, ba a kashe masa fitila. Amma cewa ita ta kayar da wasan ya wuce abin da za a iya tabbatarwa. Duk da rufewar, Ingila ce ta fita da rata a zagayen farko, 393 da 386. Stuart Broad ya kaɗe turakun Usman Khawaja yana da 112, sai aka ga ƙafarsa ta haura layi, aka soke fitar, Khawaja ya ci gaba har 141. An zubar da kamu, an kuma rasa damar fitar da Cameron Green a bayan turaku. A ranar ƙarshe Ostireliya tana da 227, mutum takwas sun fita, saura maki 54, waɗanda ke bugu kuma Pat Cummins ne da Nathan Lyon, dukansu masu jifa ne. Duk ƙungiyar da ta kai wannan matsayi ta riga ta sa wasa a aljihu, sai dai in ta bari ya zame. Kuma akwai Old Trafford, wasa na huɗu, inda saurin nan dai ya kusa kawo kofin: Crawley ya ci 189 daga jifa 182, Ingila ta tara 592, ta shaƙe Ostireliya, sai ruwan Manchester ya cinye kusan kwana biyun ƙarshe. Wanda zai ɗora laifin 2023 a kan yammaci ɗaya ya kamata ya lissafa da waɗannan.

Wellington ma ana kawo ta, inda a Fabrairun 2023 Stokes ya tilasta wa New Zealand sake bugu nan take, ta farfaɗo ta ci 483, Ingila ta faɗi da maki ɗaya tak. Amma tilasta wa abokin hamayya sake bugu in an ba shi rata mai yawa ba sabon abu ba ne, shi ne ma tsohuwar al'ada. Sau huɗu kawai a duk tarihin Tes wanda aka yi wa haka ya juyo ya yi nasara.

Ana kuma cewa salon ya lalata Joe Root, mafi ƙwarewar mai bugu da Ingila ke da shi. Tushen maganar Rajkot ne, Fabrairun 2024. Ingila na da 224, mutum biyu sun fita, ga shi kuma Ravichandran Ashwin, babban mai murza ƙwallo na Indiya, ya bar filin saboda larurar gida. Ranar tara maki ce a natse. Sai Root ya juya katako ya nemi ɗaga jifan Jasprit Bumrah ta saman kawunan masu tsaron baya, Yashasvi Jaiswal ya cafe. Daga nan ƙungiyar ta zube a 319, ƙarshenta ta faɗi da ratar 434. Bugun nan kuskure ne, kuma fushin da aka yi a kansa daidai ne. Amma bugu ɗaya ba ya zama tarihin mutum. Mako guda bayan haka a Ranchi, Root ya tsaya wa jifa 274 ya ci 122 ba a fitar da shi ba. Lokacin da ya ajiye kyaftin yana da ɗari sau 25. Zuwa wasan Sydney na Janairun 2026 sun kai 41. A wannan zamanin ne ya wuce Alastair Cook ya zama na ɗaya a tarihin Ingila wajen yawan maki, ya wuce Ricky Ponting ya zama na biyu a duniya, ba wanda ke gabansa sai Sachin Tendulkar. A wannan zamanin ne kuma ya ci ɗarinsa na farko a ƙasar Ostireliya, 138 a Brisbane, abin da ya gagare shi a ziyara uku da suka gabata. Wannan zargin jita-jita ne.

Inda masu suka suka taɓa gaskiya shi ne batun karanta lokaci, kuma a nan ya kamata a daɗe. Cewa Ingila giya ɗaya gare ta, ba ta san rage gudu ba, ba haka ba ne gaba ɗaya. A Lord's a 2025 ta yini guda tana bugu da Indiya ta ci 251 kawai, Root ya haƙa rami ya zauna, suka kuma ci wasan da ratar 22. Stokes kansa a Brisbane ya tsaya wa jifa 152 domin maki 50. Sun iya haƙuri. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne, a daidai sa'ar da wasa ya faɗo hannunsu, lokacin da ba abin da ake bukata sai a zauna awa ɗaya, a lokacin suke saki.

A Lord's a 2023 suna da 188, mutum ɗaya ya fita, Lyon ya ji ciwo a ƙafa ya bar fili. Ostireliya ta rasa mai murza ƙwallonta, ba ta da sauran dabara sai ta jera masu kamu a bakin iyaka ta riƙa jifa gajere wajen kai. Tarko ne a fili, makaho ma ya gan shi. Da an sunkuya an bar ƙwallon ta wuce, masu jifan su uku da ƙarin ɗaya za su gaji. Pope ya buga aka cafe, Duckett ya buga aka cafe yana da 98, Root ya bi su, washegari Brook ya bi. Aka ƙare a 325, aka faɗi wasan da ratar 43. A Oval a 2025 ana bin 374 a gaban Indiya, an kai 301 mutum uku sun fita, saura 73. Brook, wanda ɗarinsa mai zafi ne ya kawo su nan, ya sake tasowa wa mai jifa, katako ya suɓuce daga hannunsa, aka cafe ƙwallon. Indiya ta samu ƙofa, Mohammed Siraj ya shige ta, har Chris Woakes ya fito da kafaɗa a goce, hannu a rataye, amma aka faɗi da maki shida. A Perth kuwa, da tsakar rana ta biyu Ingila na da 65, mutum ɗaya ya fita, tana gaba da maki 105. Filin Perth an san shi da tsalle, kuma duk mai bugun da ya girma a can ya san ba a miƙa katako wa ƙwallon da ke tashi nesa da jiki. Mutum huɗu suka fita a cikin maki 11, Pope da Brook da Root duk ta wannan hanyar. Travis Head ya zo ya ci 123 daga jifa 83 ya rufe wasan.

Ɗan dambe hannu biyu gare shi, ɗaurarren shi ne mashi, ɗayan garkuwa. Wanda ya daɗe yana tsoron kai naushi, in aka koya masa sakin mashi an yi masa gata. Amma in ya ga abokin karawarsa ya fara haki sai ya sauke garkuwa don murna, shi zai sha ƙasa. Wannan shi ne laifin Ingila a waɗannan ranakun, kuma ya maimaitu har ya wuce a kira shi tsautsayi. Abin lura kuma shi ne, Head da ya kashe su a Perth da Jaiswal da ya tara 712 a kansu a Indiya ba da haƙuri suka yi ba. Farmaki suka kai, sai dai sun zaɓi ƙwallon da za su kai wa.

Masu cewa wannan ba wasan Tes ba ne, baƙon abu ne aka shigo da shi, tarihi bai goyi bayansu ba. Gilbert Jessop na Ingila ya ci ɗari daga jifa 76 tun 1902. Don Bradman ya ci 309 a yini ɗaya a 1930. Viv Richards ya yi ɗari daga jifa 56 a kan Ingila a 1986. Ostireliyar Steve Waugh, wadda ta ci wasa goma sha shida a jere daga 1999 zuwa 2001, da saurin maki ta riƙa danne mutane. Virender Sehwag ya ci 319 daga jifa 304 a Chennai a 2008. McCullum kansa ne ke riƙe da ɗari mafi sauri a Tes, jifa 54, a wasansa na ƙarshe a 2016. Sabon abin da Ingila ta kawo shi ne mayar da wannan ɗabi'a ta zama ta ƙungiya gaba ɗaya, da kuma alkawarin cewa ba za a kori mutum don ya fita yana kai farmaki ba.

Su ma masu kare salon suna da tasu jita-jitar, wato cewa Ingila ce ta ceto wasan Tes daga mutuwa. 'Yan wasan sun sha yin maganganu masu wannan ƙamshi, har Duckett ya taɓa nuna cewa ya kamata a yaba musu idan wasu ƙasashe suka yi bugu da zafi, a lokacin da Jaiswal ke cin su. Irin wannan magana ta jawo musu baƙin jini fiye da duk wani bugu. Gaskiyar ita ce, a Ingila wasan Tes bai taɓa rasa 'yan kallo ba, musamman in Ostireliya ko Indiya ce ta zo. Inda yake jinya kuwa, kuɗi ne ciwonsa. A Fabrairun 2024 Afirka ta Kudu ta tura tawagar 'yan baya zuwa New Zealand, da kyaftin da bai taɓa buga Tes ba, saboda manyan 'yan wasanta na gasar gajeren wasa ta cikin gida wadda ke kawo kuɗin shiga. A Yulin 2025 ƙungiyar tsibiran Karebiyan, wadda ta taɓa mulkin duniya, ta zube a kan maki 27 a Kingston. Ranar da Brook ya ci 317 a Multan yawancin kujeru babu kowa a kai. Saurin makin Ingila bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Cewa ba su damu da nasara ba, nishaɗi kawai suke nema, shi ma ba daidai ba ne. Duk wanda ya ga Stokes yana jifa oba bayan oba da jiki mai ciwo a Lord's a 2025 ba zai faɗi haka ba. Abin da yake gaskiya shi ne sun ƙi canjaras. Daga bazarar 2022 zuwa ƙarshen Ashes na 2025-26 sau biyu kawai suka yi shi, duka a Old Trafford, ɗaya ma ruwa ne ya jawo. Canjaras kuwa makami ne a jerin wasa biyar, wanda aka fi ƙarfinsa a wannan mako yana iya tsira da shi ya jira mako mai zuwa. Indiya ta yi amfani da shi a Old Trafford a 2025, Ravindra Jadeja da Washington Sundar suka toshe hanya a rana ta ƙarshe, shi ya ba ta damar rama jerin a Oval. Haka kuma ba su ɗauki gasar duniya ta Tes da muhimmanci ba. Sau uku ana buga wasan ƙarshenta a ƙasarsu, a 2021 da 2023 da 2025, ba su taɓa kaiwa ba, kuma a Ashes na 2023 kaɗai an zaftare musu maki 19 na gasar saboda jinkirin kammala oba.

Saura zargi mafi nauyi, wanda ba shi da amsa: ba su ci babban jeri ko ɗaya ba. Sun doke New Zealand gida da waje, sun doke Afirka ta Kudu, Pakistan, Sri Lanka da Karebiyan. Amma da Ostireliya da Indiya, a jerin wasa biyar-biyar, sakamakon shi ne 2-2, 4-1, 2-2, 4-1. Gaskiya ne Indiya ta shekara goma sha biyu ba a ci ta jeri a gida ba, amma watanni kaɗan bayan Ingila ta dawo hannu rabbana, New Zealand ta je ta yi mata 3-0. Ashe ana iyawa.

Idan aka bi dalilan faɗuwar Ostireliya ta ƙarshe, da yawansu ba su shafi saurin bugu ba. Tawagar Andrew Strauss da ta ci 3-1 a 2010-11 ta buga manyan wasannin share fage uku kafin a fara. Ta 2025 wasa ɗaya ta buga, da 'yan bayanta na Ingila, a filin Lilac Hill mai laushi wanda bai yi kama da na Perth ba ko kaɗan. Bayan faɗuwar farko an samu damar wasan dare a Canberra da ƙwallo mai ruwan hoda, irin wadda za a yi amfani da ita a Brisbane, ba a tura ko ɗaya daga cikin waɗanda suka buga a Perth ba. A Brisbane aka zubar da kamu biyar a yini ɗaya, bayan wasan kuma McCullum ya ce a ganinsa horo ne ma ya yi musu yawa. Masu jifansu sun yi ta jifa gajere da nesa da turaku, Ostireliya ta tara 511. Shoaib Bashir, matashin mai murza ƙwallo da aka ɗauko yana da wasa shida kacal a babban mataki aka yi kusan shekara biyu ana renonsa domin wannan tafiya, bai buga ko wasa ɗaya ba. Crawley ya haura wasa 60 ana riƙe da shi alhali matsakaicin makinsa bai wuce 30 da 'yan kai ba. Jacob Bethell kuwa, wanda ya ci 154 a Sydney, ba a sa shi ba sai a wasa na huɗu, bayan kofi ya riga ya tafi.